Daga Gidan Gwamnati Zuwa Kuje: Me Za Mu Gaya wa 'Ya'yanmu Game da Joshua Dariye?



A ranar 8 ga Agusta, 2022, aka sallami tsohon gwamnan Jihar Filato kuma tsohon sanata, Cif Joshua Chibi Dariye, bayan ya yi shekara huɗu a tsare. Shekaru sun wuce tun daga ranar, amma har yanzu in aka ambaci sunansa a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, sai mutane su rabu gida biyu. Waɗansu su ce bawan Allah ne da manyan ƙasa suka haɗe masa kai domin shi Kirista ne daga ƙaramar ƙabila. Waɗansu kuma, yawanci matasa, su ce mutum ne da ya ci amanar talakawa, ba sauran magana. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin labarin, yana kuma jin haushi in aka kawo masa ɗaya rabin.

Yaran da aka haifa a shekarar da ya hau mulki yanzu magidanta ne, suna da katin zaɓe, waɗansu ma an naɗa su dattawa a ikilisiyoyinsu. Ya kamata su ji labarin ɗungum daga bakinmu. A ganinmu an zalunci Dariye sau biyu a fili, kuma kotuna uku sun same shi da laifin cin amanar dukiyar jama'a. Dukan maganganun nan biyu gaskiya ne, ɗaya kuwa ba ta share ɗaya.

Wanda bai san tarihi ba zai yi mamakin yadda dattawanmu suke saurin tashi tsaye in aka taɓa shugaban da ya fito daga cikinmu. Akwai dalili. Joseph Gomwalk, gwamnan farko na Jihar Binuwai-Filato da aka ƙirƙira a 1967, harbe shi aka yi a 1976 bayan juyin mulkin Dimka, kuma har gobe akwai tsofaffi masu yawa da ba su gamsu da shari'ar da aka yi masa ba. Cif Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko a Filato daga 1979 zuwa 1983, wanda ya maido wa ƙabilu da dama sarautunsu, kotun soja ce ta jefa shi kurkuku bayan juyin mulkin ƙarshen 1983. Mutanen da suka ga waɗannan abubuwa da idonsu, in aka ce musu gwamnatin tarayya tana tuhumar gwamnansu, abin da zai fara zuwa musu a rai shi ne an sake zuwa. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Dariye akanta ne, haifaffen 1957 a ƙasar Mushere cikin Ƙaramar Hukumar Bokkos. Mushere ƙabila ce 'yar ƙarama ko a cikin Bokkos ɗin, balle a jihar da take da Berom da Ngas da Tarok da Mwaghavul. Da aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, 1999, a tutar PDP, yana da shekara 41, mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin shaida cewa a Filato ɗan kowa yana iya zama wani abu. Ya sake cin zaɓe a 2003, inda ya kayar da Jonah Jang wanda ya tsaya a ANPP. A zamaninsa aka kafa Jami'ar Jihar Filato a Bokkos a 2005, kuma ko masu sukarsa sun yarda mutum ne mai sakin fuska da sakin hannu, wanda ake samun ganinsa ba wuya. Wannan hali nasa shi ya tara masa jama'ar da ba ta rabu da shi ba har ƙofar Kuje.

Amma a zamaninsa ne kuma Filato ta rasa sunan da take taƙama da shi na gidan zaman lafiya. Ranar Jumma'a 7 ga Satumba, 2001, rikici ya ɓarke a Jos, cikin ƙasa da mako guda aka rasa rayuka kimanin dubu. Daga nan wutar ta gangara kudancin jihar, Wase da Langtang da Shendam, tana ci tana lafawa. Ranar 24 ga Fabrairu, 2004, aka kashe Kirista sama da 75 a garin Yelwa, aƙalla 48 daga cikinsu a harabar majami'a, bisa ƙidayar ƙungiyar Human Rights Watch. Ranar 2 da 3 ga Mayu aka kewaye garin aka kashe Musulmi kimanin 700, bisa ƙidayar ƙungiyar dai. Mako guda bayan haka, ranar 11 da 12 ga Mayu, aka huce a kan Kirista mazauna Kano, aka kashe sama da 200.

Mun kawo lissafin nan uku a jere da gangan, domin a wurare da yawa ana faɗin na farko da na uku a tsallake na tsakiya. Jinin mutum 700 ba ya ɓoyuwa a gaban Allah don mun yi shiru a kansa. Masu karanta wannan takarda a Kano da Katsina da Zamfara da Jigawa sun fi kowa sanin ma'anar jerin nan, gama su ne suke biyan bashin da ba su ci ba duk ranar da aka yi ɓarna a wata jiha. Gwamnan da yake mulki a inda Kirista suka fi yawa yana riƙe da wuyan 'yan'uwansa da suke zaune a inda ba su da yawa, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara uku ana zub da jini a Filato, kuma gwamnatin Dariye ba ta iya tsayar da shi ba. Wannan yana cikin lissafinsa, ba wanda zai cire.

Sai zalunci na farko. Ranar 18 ga Mayu, 2004, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da gwamna da mataimakinsa da majalisar dokokin jiha, ya naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya ya riƙe jihar wata shida. Sashe na 305 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci, amma ba inda ya rubuta cewa ya cire zaɓaɓɓen gwamna. Shaida kuwa, da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa irin wannan doka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, a tsakiyar yaƙin Boko Haram, gwamnonin suna nan a kujerunsu. Ga kuma Kano, inda aka yi kisa a cikin makon da ya gabaci sanarwar, ba wanda ya taɓa gwamnatinta. Kwanaki kaɗan kafin sanarwar, da shugaban CAN na Filato a lokacin, Rabaran Yakubu Pam, ya tambayi Obasanjo a Jos dalilin da ya sa bai zo ba sa'ad da aka kashe Kirista a watan Fabrairu, zagi ya samu a gaban jama'a maimakon amsa. Wanda ya ce masu bi ba su da hujjar jin ciwo a 2004 bai yi musu adalci ba. Ƙofar da aka buɗe a ranar ba ta rufu ba: an bi ta a Ekiti a 2006, an sake binta a Ribas a 2025.

Zalunci na biyu ya fi na farko muni, domin da rana tsaka aka taka lissafi. Majalisar dokokin Filato tana da kujeru 24. Sashe na 188 ya ce sai da kashi biyu cikin uku na dukan 'yan majalisa ake tsige gwamna, wato mutum 16. Ranar 13 ga Nuwamba, 2006, 'yan majalisa shida suka zauna da sassafe, jami'an tsaro na gadinsu, suka ce sun tsige gwamna, aka rantsar da mataimakinsa Cif Michael Botmang. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan aiki a watan Maris na 2007, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 27 ga Afrilu, Dariye ya koma ofis saura wata guda wa'adinsa ya ƙare. Duk wanda ya tsaya ya ce shida ba ta kai sha shida ba ya yi daidai, ko da wanda ake tsigewa ya fi kowa laifi a duniya. Manzo Bulus ma, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, bai yarda a sallame shi a ɓoye ba, sai da mahukuntan garin suka zo da kansu. Neman a bi doka ba rashin bangaskiya ba ne, kuma tsiraru sun fi kowa bukatar a bi ta, gama ba su da wata garkuwa a duniyar nan da ta wuce ta.

To, har nan ba mu da gardama da masu kāre shi. Inda muka rabu shi ne abin da ya faru tsakanin waɗannan zalunci biyu, da abin da ya fito bayansu.

A watan Satumba na 2004, yana cikin dakatarwa, 'yan sandan Landan suka kama shi a wani otal bisa zargin safarar kuɗin haram, da tsabar kuɗi masu yawa a ɗakinsa. Aka ba da shi beli a kan zai koma ya amsa tambayoyi. Ya dawo Nijeriya, bai koma ba. Da dokar ta-ɓaci ta ƙare a watan Nuwamba ya hau kujerarsa, sashe na 308 ya rufe shi da rigar kariya, ba mai iya gurfanar da shi sai ya sauka. 'Yan sandan Ingila ba su san Mushere ba, ba su san rikicin ɗan ƙasa da baƙo ba, ba su da ɗan takara a Filato. Jami'in da ya kama shi, Peter Clark, ya zo Abuja da ƙafarsa ya ba da shaida a gaban kotu bayan shekara goma sha.

Zuciyar shari'ar kuwa ita ce Naira biliyan 1 da miliyan 162 da gwamnatin tarayya ta ba Jihar Filato a 2001 daga asusun gyaran muhalli. A tuna, a shekarar albashi mafi ƙanƙanta bai kai Naira dubu goma ba. Wanda ya taɓa bin hanya daga Bukuru zuwa Barkin Ladi zuwa Bokkos ba ya bukatar a gaya masa menene matsalar muhalli a Filato. Kamfanonin Turawa sun yi shekaru da dama suna haƙar kuza, suka kwashe suka tafi, suka bar ramuka da tafkuna masu zurfi a tsakiyar gonakin mutane. Ƙasar da za a shuka dankalin Turawa da acca ta zama tudun jar ƙasa da ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Yara suna faɗawa, dabbobi suna faɗawa, zaizaya tana cin abin da ya saura. Iyayen yaran nan su ne suke cika bencinan majami'unmu ranar Lahadi, su ne suke kawo mudun masara baiko lokacin godiyar kaka.

Kotu ta gano cewa cakin kuɗin nan bai shiga asusun gwamnatin jiha kai tsaye ba. An kai shi wani banki a Abuja, AllStates Trust Bank, aka rarraba bisa umarnin gwamna, wani kaso ya faɗa asusun wani kamfani mai suna Ebenezer Retnan Ventures, wanda kotu ta tabbatar nasa ne. Dalibin Littafi Mai Tsarki ya san inda sunan Ebenezer ya fito, dutsen da annabi Sama'ila ya kafa domin tunawa da taimakon Ubangiji. Ganin wannan suna a takardar tuhuma abu ne mai sa mai bi ya sunkuyar da kai. Shi Dariye ya yi bayani cewa ba shi kaɗai ya amfana ba, har ya ce Naira miliyan 100 ta tafi wa jam'iyyar PDP reshen Kudu maso Yamma. In haka ne, akwai waɗanda ya kamata su tsaya kusa da shi a gaban alƙali ba su tsaya ba. Amma ga manomin Bokkos, ko Ibadan kuɗin ya tafi ko Landan, ramin yana nan a bakin gonarsa.

Hukumar EFCC ta gurfanar da shi a watan Yuli na 2007 a kan tuhuma 23. Shekara takwas lauyoyinsa suna jan maganar ko kotun tana da hurumi, har sai da Kotun Ƙoli a 2015 ta ce ya koma a yi shari'a. A cikin waɗannan shekaru ne ya buɗe babi na biyu na siyasarsa. A 2011 ya tsaya takarar sanatan Filato ta Tsakiya, wato Bokkos da Mangu da Pankshin da Kanke da Kanam, a jam'iyyar Leba, ya kayar da PDP mai mulkin jiha da ƙasa. Ya koma PDP, ya sake ci a 2015. A 2016 ya sauya sheƙa zuwa APC mai mulki. Jam'iyya uku cikin shekara biyar, jama'a kuwa suna biye da shi duk inda ya sa gaba. Sau biyu aka zaɓe shi alhali tuhuma 23 tana rataye a wuyansa, kuma mafi yawan masu jefa ƙuri'a a wannan yanki 'ya'yan ikilisiya ne. Gaskiya ne doka ta ce mutum marar laifi ne sai an tabbatar. Amma ikilisiyar da take dakatar da ma'ajinta daga taɓa kuɗin baiko da zarar lissafi ya ƙi daidaita, har sai kwamiti ya gama bincike, ta san bambanci tsakanin hukunta mutum da ƙara masa amana.

Ranar 12 ga Yuni, 2018, Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta babbar kotun Abuja ta same shi da laifi a kan tuhuma 15, ta ɗaure shi shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10 a watan Nuwamba. Kotun Ƙoli a watan Maris na 2021 ta soke ɓangare ɗaya na hukuncin, ta tabbatar da shekara 10 a kan cin amana. A lura da wannan da kyau: Kotun Ƙolin da ta maido masa kujerarsa a 2007, aka yi ta murna ana cewa Allah ya yi amfani da alƙalai, ita ce dai ta tabbatar da ɗaurinsa a 2021. Ba zai yiwu ta zama kayan aikin Allah ranar da ta yi mana daɗi, ta koma kayan aikin maƙiya ranar da ta faɗi abin da ba mu so ba. Kuma lokacin da aka ɗaure shi ɗan jam'iyya mai mulki ne. Ya ci gaba da amsa sunan sanata daga kurkuku har wa'adin majalisar ya ƙare a 2019, ƙananan hukumomi biyar suka yi shekara guda ba mai magana da bakinsu a zauren Majalisar Dattawa.

Akwai hujjoji uku da muke yawan ji, kuma masu kawo su ba mutanen banza ba ne, saboda haka sun cancanci amsa.

Ana cewa, me ya sa sai namu? A 2006 shugaban EFCC na lokacin, Nuhu Ribadu, ya gaya wa Majalisar Dattawa cewa ana binciken gwamnoni 31 cikin 36. Amma cikin dukan gwamnonin Arewa da suka hau a 1999, waɗanda suka ƙare da dogon ɗauri su biyu ne, Dariye da Rabaran Jolly Nyame na Taraba, dukansu Kirista daga ƙananan ƙabilu. Wannan tambaya tana da nauyi, mu ma muna yinta. Sai dai amsarta ita ce a kamo sauran, a gama shari'unsu da suke kwance shekara da shekaru. In ɓarayi goma suka shiga rumbunka aka kama ɗaya, ka yi ƙarar a nemo taran. Ba ka cewa a saki wanda aka kama domin ɗan ƙanenka ne, balle hatsin da ya ɗiba na marayun gidanku ne. Kuɗin Filato aka ci, na Taraba aka ci. Ba a taɓa ko kwabo na Sakkwato ko Kano a waɗannan shari'u biyu ba.

Ana kuma kwatanta shi da Yusufu a kurkukun Masar. Muna roƙon masu wa'azi su yi hankali da wannan kwatanci. Yusufu ya shiga kurkuku domin ya ƙi cin amanar maigidansa. In ana neman labarin da ya fi dacewa da shugaba wanda Allah ya ɗaga daga ƙaramin gida, jama'a suka ƙaunace shi, maƙiya suka tsananta masa da gaske, ya kuma miƙa hannu ga abin da ba nasa ba, to, labarin Dawuda ne. Saul ya yi ta farautar Dawuda ba da hakki ba, amma wannan bai hana annabi Natan shiga fada da labarin 'yar tunkiyar matalauci ba. Natan ɗan gida ne, ba Bafilisti ba. Da ya yi shiru domin kada maƙiyan Isra'ila su ji su yi dariya, da ba a sami tuban da muke karantawa har yau ba.

Ta uku ita ce ta iyayenmu, cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a yar da shi. Ziyarar ɗaurarru umarni ne a kanmu. Waɗanda suka je Kuje suka yi addu'a da shi, suka riƙe iyalinsa, sun yi aikin da ya dace. Amma hannun da ya ruɓe wanke shi ake yi a sa magani, ko da mai shi yana kuka. In aka naɗe shi da farin ƙyalle aka ce lafiyarsa ƙalau, ruɓar za ta hau har kafaɗa.

Ranar 14 ga Afrilu, 2022, Majalisar Ƙoli ta Ƙasa a ƙarƙashin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da afuwa ga mutum 159, ciki har da Dariye da Nyame, bisa dalilin shekaru da rashin lafiya. Tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa wannan iko, kuma ba ma baƙin ciki dattijo ya koma cikin iyalinsa. Abin da muke so matasa su gane shi ne afuwa daban, wankewa daban. Mai laifi ake yi wa afuwa. Marar laifi kotu ce take sallamarsa, kamar yadda babbar kotun Jos ta sallami Jonah Jang a 2022 daga tuhumar da EFCC ta yi masa. Irin tarbar da aka yi wa tsofaffin gwamnonin nan biyu da suka koma gida, da kiɗa da jerin motoci, ta sa yara da yawa sun ɗauka an gano ƙarya aka yi musu. Ba haka takardun suka ce ba. A gidan kurkukun da suka bari kuwa akwai 'ya'yan talakawa da suke jiran shari'a shekaru a kan abin da bai kai kuɗin taya ɗaya ta motocin tarbar ba, waɗansunsu da katin baftisma a aljihu.

Maganar Nyame ta fi yi mana zafi ta wata fuska, gama shi naɗaɗɗen mai hidima ne kafin ya shiga siyasa, ya mulki Taraba daga 1992 zuwa 1993, ya sake yi daga 1999 zuwa 2007. Alƙaliya ɗaya ce ta ɗaure su, mako biyu tsakani. Maƙwabtanmu da muke yi wa wa'azi sun karanta wannan a jarida, sun ji a rediyo. Mai bishara a ƙauyen Maguzawa wanda yake cewa Kristi yana sāke halin mutum, da wannan labari ake tararsa a kasuwa.

Tuban Dariye tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ba mu da ma'aunin auna zuciyar kowa. Abin da yake hannunmu shi ne yadda ikilisiya take karɓar masu mulki. Dattawa sun san yadda abin yake tafiya. Ana ginin majami'a ko gidan fasto, kuɗi ya ƙare, sai a shirya gidauniya a gayyato mai girma. A ajiye masa kujera mai laushi a gaban bagade, a tsayar da wa'azi in ya shigo a makare, a miƙa masa makirfo, ya faɗi adadin da albashinsa na shekara bai kai ba, mata su yi guɗa. Ba mai tambaya, kowa kuwa ya san dalilin rashin tambayar. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da za a bukaci Natan, sai a tarar rufin da yake kan Natan ɗin ma mai girma ne ya saya.

Muna ba majalisun dattawa shawara su tattauna wannan tun kafin 'yan takara su fara yawon majami'u. Ikilisiya tana iya sa doka cewa ba za a sanar da gudummawar mai riƙe da muƙami daga bagade ba, kuma ba za a ba ɗan takara makirfo a cikin sujada ba, ko na wace jam'iyya ne. Tana iya cewa wanda yake da shari'ar kuɗin jama'a a kotu a yi masa addu'a, a ziyarce shi, amma kada a ba shi shugabancin gidauniya ko lambar yabo sai an gama. In wanda aka yi wa afuwa ya nemi sujadar godiya, a yi masa, gama fita daga kurkuku abin godiya ne, sai dai makiyayi ya zauna da shi tukuna a kan maganar Zakka mai karɓar haraji, wanda ya fara da mayar wa mutane abinsu. Waɗannan dokoki sun fi sauƙin kafawa yanzu da ba sunan kowa a kansu. In aka bari sai mai girma ya tsaya a ƙofa da ambulan a hannu, ba dattijon da zai iya buɗe baki.

Akwai kuma abin da ikilisiyoyin Bokkos da Barkin Ladi da Jos ta Kudu za su iya yi da kansu. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin gwamnatin tarayya ya nemi lissafi, ofishin kuma ya amsa cikin kwana bakwai. Ofishin asusun gyaran muhalli yana Abuja. A cikin 'ya'yanmu akwai lauyoyi da akantoci da za su rubuta takardar kyauta. A tambaya nawa aka ba Filato daga wannan asusu daga 1999 zuwa yau, a wace shekara, domin wane aiki, wa aka ba kwangilar. In amsa ta zo, a karanta ta a taron gunduma, sa'an nan a tura matasa da babur su je su duba ramukan da aka ce an cike.